Ranar da Na Tsinke Kurkunun Baffa

Sun cike tafkin garinmu. Da aka faɗa mani ban yarda ba, sai da na hau bayan babur na je na gani da idona. Wurin da muke sha, mu yi wanka, mu shayar da awaki, yanzu shaguna ne a jere, wannan yana sayar da katin waya, wancan yana facin taya. Can gefe an kafa famfon burtsatse, mata suna ta bugawa suna hira. Na tsaya wurin mai facin, magidanci da gemunsa, na ce mashi, “Ɗana, nan inda kake zaune, nan ne kurkunu ya cinye ƙafafun mutanen garin nan.” Ya ɗago kai ya ce, “Baba, mene ne kurkunu?” Kai! Na rasa ko in yi wa Allah godiya ko in kai mashi ranƙwashi. Na dai ce mai babur ya maida ni gida, tun daga ranar kuwa abin da na binne a zuciyata ya hana ni sakat.

Ku da kuka tashi kuka tarar da ruwan famfo, ba ku san damina ba. A zamaninmu, in ruwa ya sauka, kwaɗi ne ke fara shela daga bakin tafki, sannan luguden mata tun rana ba ta fito ba, sannan gangar noma daga gonar da aka kira gayya, sai kuma ihun wanda kurkunu ya kama. Wannan ihun ma yana cikin kiɗan damina. Tsutsa ce fara, siririya kamar zaren saƙa, tsawonta ya kai kamu biyu. A ruwan sha take shiga, amma mu a lokacin ba mu sani ba, muna cewa iska ce. Sai ta shekara a jikin mutum shiru, ta bari sai an yi shuka, ciyawa ta taso, ana bukatar kowane hannu a gona, sannan ta huda ƙafa ta leƙo. Ƙato mai noma kadada guda a yini sai ka gan shi kwance a zaure yana kuka kamar jariri, gero kuwa yana can ciyawa tana shaƙe shi. Yanzu in yaro ya yi tuntuɓe sai a ruga da shi asibiti. Mu kam asibitinmu ƙwaryar ruwa ce da tsinken kara da haƙurin wanda ya iya ja.

Mu Maguzawa ne, a wata ’yar unguwa kusa da Birchi cikin ƙasar Kurfi, Musulmi manoma sun kewaye mu ta ko’ina, muna zaune lafiya da su. Gidanmu gandu ɗaya ne, mai gidan kuwa Baffa, yayan mahaifina. Shi ke riƙe da rumbuna, shi ke yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiya kafin a yi shuka. Mutum ne dogo mai faɗin ƙirji, in ya yi tsawa har kaji sai sun watse. Baba kuwa ya tafi aikin haƙar kuza can ƙasar duwatsu tun ina goye, ya daɗe, ya dawo da ɗan littafi a cikin jakar fata da wata magana da ba a taɓa ji ba a gidanmu, wai shi yanzu mai bin Almasihu ne. Zamanin nan Nasara bai daɗe da kama ƙasa ba, ba a kuma barin masu wa’azin Almasihu su shigo ƙasar sarakuna. Ba majami’a, ba malami, ba wanda za ka tambaya. Mu huɗu ne kacal, Baba da Inna da ni da ƙanwata. Ran Lahadi mu zauna a inuwar ɗaki, Baba ya bi littafin da yatsa yana haɗa baƙi da ƙyar, mu yi waƙa ɗaya da rabi, don ya manta sauran ta biyun. Abin da bai iya karantawa ba, sai ya aikata mu gani. In zai auna hatsi ya cika mudu har ya zuba. In akuyar wani ta shiga gonarmu ya kora ta har ƙofar gidan mai ita, bai taɓa ɗaure ta ba. Yakan ce mani, “Bin Almasihu ba riga ba ce da za ka sa ran Lahadi ka tuɓe ran Litinin. In kana son ka san ko kana binsa, duba hannunka.”

Rigima ta tashi ne shekarar da Baffa ya ce Baba ya riƙe mashi ƙafafun bunsuru a gindin tsamiya, Baba ya ce a yi mashi haƙuri. Baffa ya ce, “Abin da ubanmu ya yi, kakanmu ya yi, shi ne ka fi ƙarfinsa? To, ka fi ƙarfin rumbuna ma.” Ranar ya fitar da mu daga gandu, ya yankar mana wata gona mai tsakuwa wadda ko ƙaya ba ta son fitowa a cikinta. Baba ya ɗauki hauyarsa ya nufi gonar. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa, in kurkunu ya kama ’ya’yan Baffa, Baba ne dai zai ɗauki ƙwarya ya tafi, don duk yankin ba wanda ya kai shi iya ja. Ni ke riƙe mashi ƙwaryar, a nan na koya. Za ka tsoma ƙafar a ruwa mai sanyi har tsutsar ta leƙo, ka kama kanta a hankali ka naɗa a tsinken kara, ka murza kaɗan kaɗan. Da ka ji ta turje sai ka tsaya, ka shafa man kaɗanya, ka rufe da ganye, ka ɗaure tsinken a jikin ƙafar da tsumma, sai gobe. Wani lokaci gaɓar yatsa ɗaya za ka samu a yini, a haka har wata guda. In ka yi gaggawa ta tsinke, ragowar ta koma ciki ta ruɓe, ƙafa ta kumbura kamar turmi, wani ya gurgunce, wani ya mutu. “In ta ja, ka saki,” in ji Baba. “In ta saki, ka ja. Ba a gardama da ita.”

Wata damina ruwa ya cinye hanyar da ta taso daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, aka ce Bature zai biyo ta rangadi da motarsa, kowane gida ya ba da mutum ɗaya a je a ɗauko duwatsu a cike. Ɗan aiken mai gari ya zo ya tsaya a ƙofar gidanmu da sandarsa. A wurin cin hatsi mu ba gida ɗaya ba ne, amma a wurin aikin tilas sai muka koma gida ɗaya. Baffa lafiyarsa ƙalau, ko mura ba ya yi. Baba kuwa kwanansa goma da kurkunu a idon sawu, tsinken yana ɗaure a ƙafarsa kowa yana gani. Baffa ya nuna shi da baki ya ce, “Ga mutuminku nan.” Inna ta durƙusa ta ce, “Yaya, don girman zumunci dubi ƙafarsa.” Baffa ya ce, “Ai ya ce yana da Ubangijin da ke tada guragu. Shi ya ɗaukar mashi dutsen.” Na yi tsalle na ce ni zan je. Ɗan aiken ya dube ni sama da ƙasa ya yi dariya ya ce kwandon ma ya fi ni nauyi. Baba ya dafa kaina, ya ɗauki sanda ya bi su yana ɗingishi.

Kwana biyar aka dawo mana da shi a kan jaki. Dutse ya goge tsinken, tsutsar ta tsinke tun rana ta biyu, aka ce raki ne, ya ci gaba da ɗauka. Ƙafar ta yi baƙi har gwiwa, warin kuwa ba zan faɗa maku ba, don kuna iya cin abinci bayan kun karanta wannan. Kwana tara ya yi yana jinya. Ina jiran ya ce mani wani abu a kan yayansa, ko da kalma ɗaya ce in riƙe. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ka kula da ƙafafun mutane, ba wanda ya iya sai kai.” Da ya cika, Baffa ya aiko cewa wanda ya ƙi tsamiyar gida ba shi da wuri a kushewar gida. Malamin da ke da makarantar allo a unguwar da ke maƙwabtaka da mu, shi ya zo da hauyarsa a kafaɗa. Ya ce wa Inna, “Salla dai ba zan yi mashi ba, tafarkinmu ba ɗaya ba ne. Amma wannan bawan Allah ya ja kurkunu a ƙafata, ba zan bar shi a tabarma ba.” Ni da shi muka haƙa kabarin a gefen gonarmu mai tsakuwa, hannuna duk ya yi kanta ya fashe.

Bari in faɗa maku gaskiya, ba zan yi wa kaina kwalliya ba don na tsufa. Tun daga ranar na tsani Baffa, tsanar da ban taɓa yi wa maciji ba. In na ji tarinsa ta bayan danga sai in tashi in bar wurin. In ina sara a gona, wuyansa nake gani a gindin kowane kututture. Akwai addu’ar da Baba ya koya mana, a tsakiyarta akwai wurin da mutum ke roƙon a yafe mashi gwargwadon yadda shi ma yake yafe wa mutane. In mun zo wurin sai in rufe bakina, in bar Inna da ƙanwata su wuce, sannan in tare su a gaba. Inna tana ji, sai ta ci gaba da addu’arta. Samarin unguwa kuwa suna hura mani wuta, suna cewa rama cuta ga macuci ibada ne. Na ce a raina, to, wannan ibadar kam zan yi ta ko da ba ta cikin littafin Baba.

Damina biyu ta wuce, na zama saurayi, na kuma gaji aikin Baba, har daga Karofi ake zuwa kirana. Ran nan da hantsi ina gyaran hauya sai ga matar Baffa ta shigo, tana ta murza bakin zane, ta kasa haɗa ido da Inna. Ta ce kurkunu ya fito wa mai gidan a gwiwa, kwana uku bai runtsa ba. A gwiwa! Duk wanda ya san aikin ya san ba wurin da ya fi nan haɗari. Na ji wani daɗi ya taso mani tun daga tafin ƙafa. Inna ta dube ni ta ce, “Ɗauki ƙwaryar ubanka ka je.” Na ce, “Inna, wurin wanda ya kashe shi?” Ta ce, “Ƙafa aka kira ka ka gani.”

Na je. Na tarar da ƙaton nan a kwance a zaure, gumi yana ta zuba, ya rame har ƙashin wuya ya fito. Na durƙusa na gaishe shi yadda ake gaida uba, na tsoma gwiwar a ruwa, ta leƙo, na naɗa. Kwana goma sha ɗaya ina zuwa kowace safiya, ina ja a hankali, aiki mai kyau wanda ko Baba ba zai kushe ba. Kada ku ce tausayi ne. Daɗi nake ji in ga idonsa yana bin yatsuna, yana riƙe numfashi duk sanda na murza. Ina so ya san a hannun wa yake. Ran na goma sha biyu, fiye da rabi ta fito, zafin ya ragu, bakinsa ya buɗe. Ya ce, “Yaro, hannunka ya yi kyau. Ka ga da ubanka ya ji magana, da yanzu yana nan yana ganinka.” A daidai lokacin na ji tsutsar ta turje a yatsana. Na san abin da ake yi in ta turje, tun ina ƙarami na sani. Na sa babban yatsa na danne tsinken, na murza sau ɗaya da ƙarfi. Ko ƙara ba ta yi ba. Ragowar ta shige cikin gwiwar kamar an zuƙe ta. Na ɗago kai na ce, “Ash! Baffa, ta tsinke.” Matarsa ta ɗora hannu a ka ta ce ƙaddara ce, kurkunu ai yakan tsinke.

Kafin kwana uku gwiwar ta kumbura kamar tulu. Aka kira wanzami ya yi mashi sakiya da jan ƙarfe, ihunsa har gonarmu. Ina tsaye da hauya ina saurare, na ce, “Yawwa, kira tsamiyarka ta ɗauke maka.” Ranar tuwo biyu na ci har na nemi ƙari. Bai mutu ba, amma gwiwar ta sandare a lanƙwashe, bai ƙara taka ƙafar ba sai da sanda. ’Ya’yansa maza ƙanana ne, lokacin maimai, wato noma na biyu, ya zo, ciyawa ta rufe gonar gandu har ba ka gane gero. Na riƙa bi ta gefenta da gangan don in kalla.

Wata safiya na ga Inna ta ɗaura ɗamara ta ɗauki hauya, ta nufi wata hanya da ba ta gonarmu ba. Na ce, “Inna, ina za ki?” Ta ce, “Gonar baffanka.” Na ce, “Haba Inna! Allah ne fa ya kama shi.” Ta tsaya ta juyo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Shekara nawa ubanka ya yi yana ja, ka taɓa ganin ta tsinke a hannunsa? Kai ma ƙafa nawa ka ja, wace ce ta tsinke? Kada ka ɗora wa Allah aikin yatsanka. Yaran gidan can ba su aiki ubanka ɗaukar dutse ba, kuma su ne za su kwana da yunwa.” Ta wuce abinta. Kwana uku ina kallonta tana fita da safe tana dawowa da la’asar, bayanta ya ƙi miƙewa, ta zauna ta tuƙa mana tuwo, ba ta ce in bi ta ba. Ran na huɗu na riga ta isa gonar. Ba tuba na yi ba, kunya ce ta kai ni. Ina noma ina zagin mai gonar a cikina, kunya bayan kunya, har na kai ƙarshe.

Damina bakwai na noma gonar nan kafin ’ya’yansa su kawo ƙarfi. Yanzu ina jin matasa a majami’a suna cewa sun girma cikin bangaskiya don sun je taron kwana uku sun dawo da littafin rubutu cike. Ina dariya kawai. Ni dai a gonar mutumin da na fi tsana na koyi ɗan abin da na sani. Shekarar farko da zagi na yi ta. Ta uku na lura na daina zagin, ban san ranar da na daina ba. Ta biyar na tarar da kaina ina gyara mashi rumbu ba wanda ya sa ni. Amma kada ku ɗauka zuciyata ta yi fari. In na tuna jakin nan da ƙafar Baba tana reto, sai in ji da ma gwiwa biyu na samu.

Da aka sassauta, aka fara barin masu wa’azi suna zagayawa, wani dattijo mai bishara ya iso wajenmu da ƙafa, ya zauna da mu yana koya mana, har ya ce lokaci ya yi da za a yi mani baftisma. Ya tambaye ni, “Ɗana, akwai wani abu tsakaninka da wani mutum?” Na ce akwai. Ya ce ruwa ba ya gudu, in je in gyara in dawo.

Na tarar da Baffa a gindin danga da rana tsaka yana tufkar igiya, ƙafar a miƙe gefe guda kamar ba tasa ba. Ya tsufa, gashin duk ya yi fari. Na durƙusa. A hanya na shirya yadda za a yi, zan faɗi nawa, shi ma ya faɗi nasa, mu yafe wa juna. Na ce, “Baffa, kurkunun nan ba tsinkewa ya yi ba. Ni na tsinke shi, da gangan. Ka yafe mani.”

Bai daina tufkar ba. Ya ce, “Na sani. Ina kallon babban yatsanka.”

Na ce, “Ka sani, shekara bakwai ba ka faɗa wa kowa ba?”

Ya ce, “In faɗa don me? Ai alheri ka yi mani. Tun da aka dawo da ƙanena a kan jaki ban ƙara barcin kirki ba. Kwana goma sha ɗayan nan da kake ja mani a hankali, na fi jin zafinsu da sakiyar wanzami, don hannunsa nake gani a gwiwata. Da ka fitar da ita lafiya, da ban san inda zan sa kaina ba a garin nan. Da ka tsinke ta sai na ce madalla, an biya, na samu barci.” Ya ɗago ya dube ni, har da ɗan murmushi. “Ubanka ne ya gagare ni, yaro. Na kore shi, na hana shi hatsi, na tura shi ga mutuwa, bai ba ni ko harara ɗaya da zan riƙe ba. Kai kam ban sha wahalarka ba. Kai irina ne.”

Bai nemi gafarata ba, ranar ko bayanta, har ya mutu. Na tashi na koma wurin mai bishara na ce a ɗaga baftismar sai baɗi. Ya ce me ya faru, na ce ban kai ba tukuna.

Yau shekaruna sun wuce na Baffa, sun ninka na Baba. An zage ni, an ci mani iyakar gona, an yi mani ƙarya a gaban mutane, kuma kowane lokaci sai na ji babban yatsan nan yana motsi. Sai in ji muryar tsohon nan a gindin danga, in danne hannuna a ƙarƙashin cinya. Ban yafe mashi maganar nan ta cewa ni irinsa ne ba, ba zan ɓoye maku ba. Tun daga ranar nake tashi kowace safiya da niyya ɗaya, in mai da shi maƙaryaci.